Yajin Yana Cikin Akwati

Ranar da Gwaggo Tsawa ta gane an cuci mijinta, tana tsugune ne a ƙofar gida tana wanke tukunya. Tsohon Direba ya zo wucewa yana dogara sanda, ya tsaya suka gaisa, ya tambayi mai jiki. Ta ce da sauƙi, kamar yadda ake faɗa. Har ya juya zai tafi sai ya waiwayo.

"Har yanzu yana shan lofensa kuwa?"

"Ina fa. Ya ajiye. Ciwon nan ya kashe masa baki, duk abin da ya sa sai ya ce ba daidai ba."

"Ai gara da ya ajiye," in ji Direba. "Ni ma tun da Mai Taba ya rasu na daina taka shagon nan. Ɗansa ya ɓata tabar. Suna ɗaya, gwangwani ɗaya, amma wallahi ba ita ba ce. Mu tsofaffin duk mun watse, sai sababbin shiga da ba su san ta da ba."

Ya wuce abinsa, ƙwas, ƙwas, bai san abin da ya bari a bayansa ba.

Gwaggo ta daɗe hannunta yana cikin ruwan kumfa. Matar da in ta tsawata wa akuya a ƙofar gidanta yaran layi na gaba ke nutsuwa, yau ko tari ta kasa.

Mijinta kafinta ne, ko a ce da can kafinta ne. Rabin kujerun layin nan aikin hannunsa ne, kuma har yau ba wadda ta yi ƙara. Mutum ne da ba ya yawo, ba ya zaman gulma. Abu ɗaya ya riƙe a duniya bayan zarto da guduma, shi ne lofe, 'yar tukunyar nan ta shan taba mai dogon baki, da wani haɗin taba da ake kira Mai Yaji, wanda Mai Taba na bakin kasuwa ke yi da hannunsa. Tun kafin a haifi babbar 'yarsu yake shan ta. Da yamma in ya rufe wurin aiki sai ya wanke hannu, ya zauna a baranda, ya murza tabar a tafin hannu, ya cusa a hankali, ya danna da babban yatsa kamar mai lallashin jariri. Ita kuma tana daga ɗakin girki tana mita.

"Za ka ƙona mana labule da wannan masifar."

"Ke ba ki san abin da ke ciki ba ne," yakan ce. "Taba ce mai gaba, mai tsakiya, mai gindi. In ka kunna, masoro ne ke fara sallama, ya ɗan tsikari kan harshe. Kafin ka ce wani abu kanumfari ya biyo shi ya ba ka haƙuri, bakin ya yi sanyi. A tsakiya sai zaƙi ya taso, irin na sukarin da ya fara kama tukunya, da ɗan ƙamshin ɓawon lemo. Amma gindin, uwar yara, gindin shi ne maganar. Can ƙasa, in ta kusa ƙarewa, wani ɗumi ne ke zuwa mai ƙamshin tsohon katako, ya zauna maka a ƙirji. A nan yajin ke daina ihu ya fara hira."

"To, Allah ya ba ka lafiyar hira da hayaƙi."

"Ya fi wasu saurare," in ji shi, yana dariya cikin gemu.

Sai abu biyu suka faɗo kusan tare, kuma wannan haɗuwar ce ta jawo komai. Mai Taba ya rasu, ɗansa ya gaji shago. Ba a daɗe ba Kafinta ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Allah ya taimaka ya tashi. Hannun ne bai dawo ba, ƙafar tana ja, maganar ta ɗan yi nauyi, amma kansa garau. Babbar 'yarsu nas ce a asibiti, ita ta tsaya a kan jinyar, ta ce taba kam an gama. Ya roƙa, ya yi fushi, ya ƙi cin abinci. Gwaggo da kanta ta tsaya masa, ta ce mutum ya rasa hannu ya rasa sana'a, a bar masa abu ɗaya. Ta je shago ta sayo masa gwangwani.

Ya cusa da hannu ɗaya, ta ƙyasta masa ashana. Ya zuƙa, ya zuƙa, ya cire lofen daga baki ya dube shi kamar wanda aka musanya wa ɗa.

"Ba ita ba ce."

"Ita ce mana. Ga gwangwanin."

"Gwangwanin ne. Wannan duk baki ce, ihu kawai take yi. Kujera ce mai kyan fuska ba ƙafar baya. Ba ta da gindi."

Gwaggo ba ta ƙi ta tasa ba a ranar, a faɗi gaskiya. Ta koma shagon ta tambaya. Ɗan Mai Taba ya dafa ƙirji ya rantse bai rage ko ƙwayar masoro ba, yadda ubansa ke aunawa haka yake aunawa. Ta dawo ta tarar da Nas, Nas ta ce ai dama, irin wannan ciwon yana ɗauke ɗanɗano, wani ma har tunaninsa yake taɓawa, sai a riƙa bin sa da to. Ga rantsuwa, ga ilimin asibiti, ga kuma tsoho mai karkataccen baki a ɗaya gefen. Gwaggo ta shiga baranda ta dangwarar da gwangwanin a gabansa.

"Malam, tabar nan lafiyarta ƙalau. Bakinka ne ya mutu. Ka karɓi ƙaddara ka bar mutane su huta."

Haka ta faɗa, da muryarta ta kullum, wadda maƙwabta ke ji ta katanga.

Daga nan abin ya zama hujja a gidan. In ya ce miya ba gishiri, a ce Baba bakinsa ne. In ya ce shayin ya yi sanyi, a ce to Baba, a bar shi a wurin. Ya ce ƙofar ɗaki ta karkace, a gyara kafin ta faɗo, aka kalli juna aka yi murmushi. Ya ce a kai shi wurin aiki ya zauna kawai ya ga masu koyo, Nas ta karɓe makullin ta ce sai ya ƙara jin ƙarfi. Har jikoki suka koya. Ƙaramar jikarsa ta taɓa miƙa masa ruwa ta ce, "Kaka, ruwa ne fa, ko shi ma ba shi ba ne?" Aka fashe da dariya, Gwaggo ma ta dara. Shi bai yi ba. Tun daga lokacin ya rage magana, har ta kai in an tambaye shi yaya abincin sai ya ce, "Ku kuka sani." Lofen kuwa aka ɗora shi kan kabad ya yi ta shan ƙura.

Wannan duka shi ne ya dawo mata tana tsugune gaban tukunya. Ta miƙe, ta goge hannu a zane, ta shiga ɗaki ta sauko da gwangwanin nan da ya fara tsatsa. Kafinta yana zaune a baranda yana kallon bango. Bai tambaye ta ina za ta ba. Ya daɗe da daina tambaya.

Shagon yana nan inda yake, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da kwanuka, amma an sake masa kama. An shafa farin fenti, an sa fitila mai haske, an jera bokitan roba masu murfi a bayan kantar shagon, inda a da duhu ne da ƙamshi. Ɗan Mai Taba, magidanci ne mai tumbi da 'yar furfura a gefen kunne, yana auna wa wani saurayi taba. Yana hango ta ya saki fara'a.

"A'a, Gwaggo ce da kanta? Sannu da zuwa. Yaya Baba?"

Ta buga gwangwanin a kan kantar shagon har sikelin ya yi rawa.

"Baban yana nan inda ka ajiye shi."

Saurayin ya karɓi ƙullinsa ya sulale. Mai gyaran takalmi ya ajiye guduma ya leƙo.

"Subhanallahi, Gwaggo, me ya yi zafi?"

"Kai ka yi zafi. Dube ni da kyau, ɗan nan. Na san ka tun kana tsaye a bayan kantar nan da majina, ubanka yana kore ka kada ka tsoma hannu a kaya. Na zo nan na tambaye ka, ka dafa ƙirji ka rantse min. Na ɗauki rantsuwarka na kai gida na maka wa mijina a ka. Yau Direba yake gaya min duk tsofaffin ubanka sun gudu. Ƙarya ne?"

Ya sosa ƙeya. "Wasu sun daina zuwa. Na ɗauka tsufa ne, kin san in shekaru suka ja, baki yakan..."

"Kul! Kada ka ƙarasa. In na sake jin kalmar bakin nan zan juye maka bokitin nan a ka. Wato duk tsofaffin gari bakinsu ya mutu rana ɗaya, kai kaɗai ne mai rai?"

"Gwaggo, ki zauna dai, don Allah."

"Ban zo zama ba."

Amma gwiwa ba ta san fushi ba, kuma tafiyar da nisa. Ta ja ta zauna a kan wani dogon benci da aka shafa wa shuɗin fenti a gefen ƙofa, tana haki.

"Ba taba na zo karɓa ba," ta ce. "Kada ka ɗauko min komai. Abin da nake so ɗaya ne. Ka tashi ka bi ni, ka tsaya gaban mutumin nan, ka ce masa, Baba, ka yi gaskiya, ni na canza. Da bakinka. Shi ke nan."

"Amma wallahi ban canza ba. Zo ki gani." Ya fara buɗe bokitai yana nuna mata kamar mai kare kansa gaban alƙali. "Ga ganyen, daga inda babana ke saye nake saye. Ga masoro, ga kanumfari, ga kirfa, ga citta, ga ɓawon lemo, ni nake shanya shi da kaina. Ga cokalin da yake aunawa da shi, ko shi ban sake ba. Ranar da zai cika ina riƙe da hannunsa na ce, Baba, Mai Yaji fa? Ya ce, yajin yana cikin akwati. Bayan an yi makoki na buɗe akwatin, na tarar da ƙulle-ƙullen kayan yajin a ciki, kowanne da cokalinsa. Na kwashe su tsaf, ban bar ko ɗaya ba."

"Ka kwashe."

"Na kwashe."

"Akwatin fa?"

"Ai kina kansa."

Gwaggo ta dubi ƙasanta. Ta miƙe a hankali. Ba benci ba ne, tsohon akwatin katako ne, wanda duk wanda ya taɓa shiga shagon nan a da ya san shi a bayan kanta, baƙi ƙirin, yana maiƙo. A cikinsa Mai Taba ke zuba haɗinsa ya rufe, ya bar shi ya kwanta sai ya ga dama ya buɗe. Ta kama murfin ta ɗaga. Tsintsiya ce a ciki, da tsummokara, da galan na kananzir da ya yi yoyo ya jiƙa ƙasan. Warin kananzir ne ya fara bugun hancinta. Amma a bayansa, can ƙasa-ƙasa, daga jikin murfin inda fenti bai kai ba, wani abu ya taso ya same ta. Ɗumi ne, da zaƙi, da tsohon katako. Barandar gidanta ce da yamma. Rigunan mijinta ne da ta yi rabin rayuwarta tana wankewa tana tsaki.

Ɗan Mai Taba ya matso ya sunkuya shi ma ya shaƙa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza.

"Ya yi nauyi ne," ya ce a hankali, ba ita yake gaya wa ba. "Ya yi baƙi, ya yi datti. Na ce roba ta fi tsabta, ana wankewa." Ya shafa cikin murfin da yatsa, ya kai hanci. "Yana cikin akwati. Ba a ciki yake nufi ba. A jikinsa yake nufi. Katakon ne ya sha, shi yake mayar wa tabar. Innalillahi. Ni kuma na zuba masa kananzir."

Mai gyaran takalmi daga ƙofa ya ce, "Ai marigayi ko ƙura ba ya bari a goge masa a ciki."

"Kai kuma da ka sani sai yau bakinka ya buɗe?" Gwaggo ta daka masa tsawa. Ya koma kan takalminsa.

Ta zo da shirin faɗa da maƙaryaci, ta tanadi zagi tun daga gida, kala-kala. Sai ga shi ba maƙaryaci ta samu ba, ɗa ne da ya ji maganar ubansa da kunne ɗaya. Wannan ya ƙara mata haushi, don zagin ya rasa wurin sauka.

"Kuka za ka tsaya yi min? Rufe shagon mu tafi."

"Tsaya, Gwaggo." Ya durƙusa ya fitar da tsintsiya da galan, ya lalubi kusurwar akwatin. Akwai wani ɗan aljihu da aka yi daga sama, inda kananzir bai hau ba. Ya zaro wani ƙullin tsumma. A ciki dunƙulen taba ne, baƙi, ya bushe kamar ɓawon itace, bai fi cikin tafin hannu ba. "Nan yake ajiye ta ɗanɗanawa. Hannunsa ne wannan. Iyakarta ke nan a duniya."

Suka taho, tana gaba yana bin ta kamar wanda aka kamo. Matan layi suka leƙo ta taga, don duk wanda aka gani yana bin Gwaggo Tsawa kansa a ƙasa, an san ya sha.

Kafinta yana inda ta bar shi. Ɗan Mai Taba ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya fara magana yana inda-inda. Ya faɗi maganar akwati, ya faɗi roba, ya faɗi kananzir. Ya ce, "Baba, ka yi gaskiya. Tun ranar farko ka yi gaskiya. Ba ita ba ce, ni na ɓata. Ka yafe min."

Gwaggo tana tsaye ta riƙe ƙugu tana jira ta ga fuskar mijinta ta washe.

Kafinta ya dubi mutumin, ya dubi matarsa, ya sake duban mutumin.

"Me ta yi maka?" ya ce, da harshensa mai nauyi. "Shaƙe ka ta yi?"

"A'a, Baba, wallahi..."

"Kada ka damu, ɗana. Duk wanda ta kama sai ya faɗi abin da take so. Tashi ka koma shagonka. Bakina ne. An gaya min."

Ba da gatse ya faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Da gaske yake. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi abin da ta saba, ta gane in ta ɗaga murya yanzu ta tabbatar da maganarsa. Ta rufe.

Ɗan Mai Taba ne ya kwance tsumman ya miƙa da hannu biyu.

Kafinta ya karɓa kamar ba ya so. Ya kai hanci. Bai motsa ba. Ya sake kaiwa.

"Ina lofena?"

Ta taka kujera ta ɗauko shi daga kan kabad, ta goge da bakin zanenta, ta hura ƙurar ciki. Ya gutsuri rabin dunƙulen ya ɗora a gwiwa, ya tsoma yatsa a kofin ruwansa ya ɗiga, ya yi ta murzawa har ta yi laushi ta saki. Ba wanda ya ce masa ya yi sauri. Ta riƙe masa lofen ya cusa, ya danna. Ta ƙyasta ashana, iska ta kashe. Ta sake ƙyastawa ta kare da hannu.

Ya zuƙa. Ya yi tari, don ƙirjin ya manta. Ya sake zuƙa a hankali, ya riƙe hayaƙin a baki, ya sake shi ta gefen da bai karkace ba. Hayaƙin ya tashi fari mai kauri ya kwanta a ƙarƙashin rufin baranda.

"Masoro," ya ce, ido a rufe. "Ya tsufa, ya rage faɗa. Amma shi ne."

Wata mota ta wuce a titi. Can ya ɗan lashi leɓe, ya gyaɗa kai shi kaɗai, kamar wanda ake ba shi labari yana cewa haka ne. Tabar tana ci a hankali, ba ta gudu, ba ta mutuwa. Ƙamshin ya sauya daga mai tsini ya koma mai zaƙi, har Gwaggo da ba ta taɓa yarda akwai wani bambanci ba ta ji sauyin da hancinta. Da wutar ta kai ƙasa sai ya rage zuƙa, yana ɗan taɓawa kawai, yana jan lokacin. Kafaɗunsa suka sauka. Ruwa ya taru a idonsa na hagu, wanda dama yakan zubo tun da ya yi ciwo, sai dai yau na daman ma ya taya shi.

"Ga shi nan," ya ce. "Ga gindin."

Ɗan Mai Taba ya sunkuyar da kai yana share fuska da hula. "Zan kankare fentin, Baba. Zan wanke kananzir ɗin, in shanya..."

"Katakon da ya sha kananzir ya sha ke nan. Ni kafinta ne, ka tambaye ni." Ya ɗan murmusa, kamar shi ma ya ji daɗin kalmar a bakinsa. "Ka sa a yi maka sabo, kada a shafa masa komai a ciki. Ka zuba, ka rufe, ka yi ta zubawa. Jikokinka za su sha mai kyau. Tashi, ba ka da laifi. Ubanka ne da magana rabi-rabi, tun muna samari haka yake."

Mutumin ya yi godiya ya fi a ƙirga, ya sa takalmi ya tafi. Baranda ta rage su biyu.

Gwaggo ta gyara tsayuwa. "To, ka ji dai. Na kawo maka shi har gida, ya faɗa da bakinsa. Bari Nas ta zo, ita ma sai ta ji nata. Makullin nan yau za ta fito da shi, ko ta ƙi ko ta so."

Kafinta ya juya lofen ya buga shi a hankali a ƙafar kujera, toka ta zubo.

"Wa ya gaya miki?"

"Me?"

"Cewa an canza. Wa ya gaya miki har kika tashi?"

Ta so ta ce ita ta gano. Amma Gwaggo duk masifarta ba ta iya ƙarya ba.

"Direba ne. Ɗazu ya wuce."

"Direba." Ya gyaɗa kai. "Ya tsaya a ƙofa, ya faɗa sau ɗaya."

"Malam..."

"Nas karatu ta bi, ba ta san tabar ba. Yaron nan bai sani ba. Jikoki yara ne. Ke kin san ni tun ina da baƙin gashi. Na taɓa ce miki katako ya bushe ya zama ɗanye ne?"

"Ba ka taɓa ba."

"Da farko na san na yi gaskiya, ina jin ku kawai. Da kika faɗa ne na fara cewa wataƙila. Daga baya ko ruwa na sha sai in ce, anya ruwa ne?"

Ta nemi wanda za ta yi wa ihu. Ta duba ƙofa, ba kowa. Ɗan Mai Taba ya tafi, an yafe masa. Mai Taba yana ƙasa. Nas tana asibiti tana duba marasa lafiyar wasu. Duk hanyar da fushin ya bi sai ya zagayo ya dawo baranda, inda take tsaye da kwalin ashana a hannu.

"Na yi maka ba daidai ba," ta ce. Maganar ta fito a ƙanƙance, ita kanta ba ta gane muryar ba.

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ɗauki ragowar dunƙulen ya mayar cikin tsumman, ya naɗe da hannu ɗaya, ya kama bakin ƙullin da haƙori ya ja. Ya miƙo mata.

"Kai wa Direba. Ya daɗe bai sha mai kyau ba."

"Ita ke nan fa, Malam. Ba wata. Ka ajiye abinka ka sha gobe."

"Na sha tawa. Na ji abin da nake so in ji. Ki kai masa."

Gardama ta taso mata har maƙogwaro, irin wadda ta saba, mai hujja a jere. Ta haɗiye ta. Ta karɓi ƙullin, ta ja mayafi, ta fita.

Gidan Direba yana ƙarshen layi. Ta same shi zaune a ƙofa yana gyara igiyar sandarsa. Ta miƙa masa ta ce in ji Kafinta, ragowar hannun marigayi ce. Ya kwance, ya shaƙa, ya riƙe baki yana salati, ya fara jero godiya. Da ya ga ba ta tanka ba sai ya dube ta da kyau.

"Lafiya dai, Gwaggo? Ko jikin nasa ne ya tashi?"

"Jikin yana nan yadda yake," ta ce. "Ɗazu na ce maka bakinsa ya mutu. Ba haka ba ne. Bakinsa ƙalau yake. In ka ji wani ya faɗa, ka ce ni na ce ƙarya ne."